Ɗurin harsashin raifil a gida: ka zauna kan na kanti, ko wane inji za ka saya?

Duk wanda ya zauna a Amurka ya shiga harkar farauta ko gasar harbi, zai lura cewa wasu maharba ba sa barin filin harbi sai sun tsince kwanson harsashinsu tas sun zuba a jaka. Kwanson nan na tagulla yana cikin mafi tsada a abubuwa huɗun da ke haɗuwa su zama harsashi, kuma ana iya sake ɗura shi sau da dama kafin ya gaji. Sauran ukun su ne albarushi, da ƙwayar da ke fita ta bakin bindiga, da firaima, wato 'yar ƙaramar hular da ke gindin kwanso wadda allura ke buga ta kunna albarushin. Daga nan sha'awa ke farawa, sai mutum ya tsinci kansa yana duba farashin injina ba tare da ya san wanne ne nasa ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga mai raifil, wato doguwar bindiga, injin da ya fi sauri ba lallai ne ya fi amfani ba, kuma mutane da yawa da ke ƙoƙarin saye, harsashin kanti ya ishe su.

Kafin maganar kuɗi, doka

Wannan sha'awa ce ta ƙasashen da dokarsu ta yarda da ita. A Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi ko haɗa shi a gidansa. Aikin na masana'antun da gwamnati ta amince da su ne, irin su DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Don haka wanda ke gida Najeriya ya karanta wannan domin sani kawai. Wanda ke waje kuma kada ya yi gangancin aika firaima, albarushi ko kwanso gida cikin kaya, domin laifi ne a ƙasar da ya fito da kuma ƙasar da ya shiga.

A Amurka, dokar tarayya ta bar wanda ke da izinin mallakar harsashi ya ɗura don amfanin kansa. Idan zai yi don sayarwa, sai da lasisin tarayya. Akwai abin da ya shafi 'yan'uwanmu baƙi kai tsaye: a ma'anar dokar tarayya, kwanso da firaima da ƙwaya da albarushi duk harsashi ne, kuma wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi mallakar su, sai dai in ya faɗa cikin 'yan keɓantattun sharuɗɗa, kamar mallakar ingantaccen lasisin farauta. Jihohi ma suna da nasu. A Massachusetts, alal misali, ko kayan haɗin ma sai da katin izini. A Jamus sai ka yi kwas ka ci jarrabawa kafin a ba ka izinin sayen albarushi, a Birtaniya kuwa ba a sayar maka da firaima sai ka nuna takardar izinin bindiga.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko kuɗin shiga, kuma ba kuɗin inji kaɗai ba. Kowane inji yana buƙatar dayis, wato bututun ƙarfe masu zare da ake ɗaurawa a samansa don matse kwanso da zaunar da ƙwaya, saiti guda ga kowane nau'in harsashi. Sai sikeli, ma'aunin tsawo, na'urar datse bakin kwanso, man shafa wa kwanso, gilashin kare ido, da littafin ma'auni na kamfanoni irin su Lyman, Hornady ko Sierra. Na biyu ƙarko. Na uku sauƙin koyo. Na huɗu sauri. Na biyar haɗari, wato yadda injin ke ba ka damar ganin kuskure kafin kuskuren ya shiga bindiga. Na shida daidaito, domin mai harbin nesa wannan ne ma ya kawo shi.

Akwai wani abu game da kwanson raifil da ya sha gaban duk waɗannan, kuma masu talla ba su cika faɗinsa ba. Yawancin kwanson raifil yana da siririn wuya kamar na kwalba. Idan aka harba shi yana kumbura, idan aka matse shi ya koma girmansa sai ya ƙara tsawo. Dole a shafa masa mai kafin matsewa, in ba haka ba ya maƙale cikin dayis. Bayan matsewa a goge man, a auna tsawonsa, a datse wanda ya wuce ƙa'ida, a goge kaifin bakin. Duk wannan a gefen inji ake yin sa da hannu, kuma shi ke cinye mafi yawan lokaci. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa a maganar sauri.

Zaɓi na farko: harsashin kanti

Ba ka sayen komai sai kwali mai harsashi 20. Kamfanonin Amurka suna bin ƙa'idar ƙarfin matsi ta ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, na Turai kuma suna bin ta CIP. Haɗarinsa shi ne mafi ƙanƙanta, kuma garantin bindigarka na nan daram, alhali kamfanonin bindiga da yawa sun rubuta a littafinsu cewa harsashin ɗurin gida yana soke garanti.

Matsalarsa biyu. Farashi yana zafi idan bindigarka tana cin harsashi mai tsada kamar .300 Winchester Magnum, .375 H&H ko .338 Lapua. Sannan akwai lokutan yankewa, kamar a 2020 da 2021 da kantuna suka wayi gari fayau. Sai dai kada a ɗauka mai ɗurin gida ya tsira a wancan lokacin: firaima ce ta fara ɓacewa, kuma wanda bai tara ba injinsa ya zauna yana shan ƙura.

Ga lissafi mai sauƙi don misali. A ce ka kashe dala 500 wajen haɗa kaya, kuma kowane harsashi yana rage maka dala 1. Sai ka ɗura 500 kafin ka mayar da uwar kuɗi. Mafaraucin barewa da ke harba kwali biyu a shekara, harsashi 40 ke nan, zai shafe fiye da shekara 12. A harsashi mai araha irin .223 na atisaye, ribar ba ta ma kai dala ɗaya ba. Shi kuwa .22 LR ba a sake ɗura shi a irin waɗannan injina, haka ma kwanson baƙin ƙarfe da mai firaima irin ta Berdan, wadda dayis na yau da kullum ba ya iya cirewa, ba su dace da aikin ba.

Zaɓi na biyu: inji mai gurbi ɗaya

Wannan shi ne uban gidan. Gurbin dayis ɗaya ne a sama, kwanso ɗaya a ƙasa, mariƙi ɗaya a gefe. Kana matse kwanso hamsin, ka sauya dayis, ka koma mataki na gaba. Sunan da za ka fi ji shi ne Rock Chucker na kamfanin RCBS, wanda Fred Huntington ya kafa a 1943 a Oroville ta jihar Kalifoniya. Akwai Challenger da Classic Cast na Lee Precision da ke Hartford a Wisconsin, da Lock-N-Load Classic na Hornady, sai Co-Ax na Forster wanda masu harbin nesa ke ƙauna, saboda dayis ɗinsa zura shi ake yi cikin tsaga ba sai an murɗa ba, kuma yana barin kwanso ya daidaita kansa.

Farashin injin kaɗai yana farawa daga wajen dala 100 ya kai wajen 400. Akwatin farawa mai ɗauke da sikeli da ma'aunin albarushi yana tsakanin kusan dala 200 na Lee zuwa wajen 500 na RCBS. Farashi yana motsi, amma tazarar da ke tsakaninsu ba ta cika canzawa ba.

Wajen ƙarko babu na biyunsa. Inji na zubin ƙarfe irin Rock Chucker ba shi da abin lalacewa sai an bar shi ya yi tsatsa, shi ya sa za ka ga na shekara arba'in a kasuwar kayan hannu yana aiki garau. Na Lee masu jikin alminiyom sun fi sauƙin nauyi da kuɗi, suna kuma yin aikin .308 da .30-06 ba matsala, sai dai idan za ka riƙa matse manyan kwansaye kullum, na ƙarfen ya fi kwanciyar hankali.

Abin da ya sa na fifita shi ga mai raifil shi ne yadda yake tilasta maka gani. Bayan ka zuba albarushi, kwansayen suna tsaye a jere cikin allon katako mai ramuka, bakinsu a buɗe. Sai ka ɗauki tocila ka bi su layi-layi. Wanda babu komai a cikinsa zai nuna baƙin rami, wanda ya fi sauran cika zai fito fili. Haka kuma hannunka da ke kan mariƙi yana koyon nauyin aikin: idan firaima ta shige ba tare da ɗan ƙarfi ba, ka san ramin gindin kwanson ya buɗe, lokacin jefar da shi ya yi. Babu littafin da zai ba ka wannan ji.

Wajen daidaito, a nan ne kake iya auna albarushin kowane harsashi ɗaya bayan ɗaya a sikeli. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa giren, kuma giren 7,000 ne laba ɗaya, ka ga ƙanƙantarsa. Laba ɗaya kan ba da harsashin .308 wajen 160. Sauri kuwa, kada ka sa rai da fiye da harsashi 50 a awa, kuma idan ka haɗa da gyaran kwanso zai yi ƙasa da haka. Wanda ba shi da haƙurin zama zai gaji da shi cikin wata guda.

Ga wanda ke zaune a ɗakin haya ba shi da teburin da zai huda, Lee na da ƙaramin injin hannu da ake matsawa a kan cinya. Yana aiki, amma matse kwanson raifil da shi yana cin ƙarfi.

Zaɓi na uku: inji mai juya kai

Kwanso ɗaya ne a ƙasa kamar na baya, sai dai saman injin yana da gurabe da yawa, kana juya shi dayis na gaba ya zo. T-7 na Redding gurbi bakwai gare shi, All-American 8 na Lyman takwas, Classic Turret na Lee huɗu. Na Lee yana juya kansa da kowane jan mariƙi, kuma ana iya cire sandar juyawar ya koma kamar mai gurbi ɗaya, abin da ke taimaka wa mai koyo. Farashi daga wajen dala 150 zuwa 450.

Babban amfaninsa shi ne ka saita dayis sau ɗaya ka bar su a wurin. Mai bindiga biyu ko uku zai ji daɗin wannan sosai. T-7 ƙarfe ne mai nauyi, ƙarkonsa bai yi nisa da na Rock Chucker ba. Na Lee yana da ɗan roba a sandar juyawa da ke cinyewa, amma kuɗinsa ba ya taka kara ya karya. Haɗarinsa matsakaici ne: in kana gama harsashi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ka rasa wancan duban tocila na jere, don haka dole ka leƙa cikin kowane kwanso kafin ka ɗora ƙwaya.

Zaɓi na huɗu: inji mai faifai

A nan kwanso huɗu ko biyar ne ke zaune kan faifai mai juyawa, kowanne ana masa aiki daban a lokaci guda, kuma kowane jan mariƙi yana sauke harsashi gamamme cikin akwati. Kamfanin Dillon Precision na Scottsdale a Arizona shi ya fi suna. RL550C ɗinsa gurbi huɗu ne, da yatsa kake juya faifan. XL750, wanda ya gaji XL650 a 2019, gurbi biyar ne kuma yana juya kansa. Hornady na Grand Island a Nebraska yana da Lock-N-Load AP mai gurbi biyar. Kuɗin shiga daga wajen dala 600 ne, kuma da zarar ka ƙara na'urar zubo kwanso da kayan sauya nau'in harsashi, ka haura 1,000. Dillon yana ba da garantin har abada a kan waɗannan biyun, dalilin da ya sa na hannu ma ba ya faɗuwa a farashi.

Masu shi za su ce maka yana fitar da ɗaruruwa a awa, kuma gaskiya ne, musamman a harsashin ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen kwanso. Amma ka tuna maganar kwanso mai wuyan kwalba. A raifil, sai ka matse, ka sauke, ka datse, ka goge, sannan ka sake mayar da kwanson kan faifai. In kwanson na soja ne, sai ka kuma gyara bakin ramin firaima da aka danne. Kamar tela ne da ya sayi keken lantarki alhali yankan yadi da almakashi ne ke cinye masa rana. Ban da haka, albarushin raifil da yawa dogayen ƙwayoyi ne kamar guntayen tsinke, kuma ma'aunin da ke zubawa da kansa ba ya auna su daidai kamar yadda yake auna mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu.

Haɗarin ne ya fi damuna. Abubuwa huɗu ko biyar suna faruwa lokaci guda, idonka kuwa biyu ne. Idan wani abu ya cije, ka tsaya ka gyara, ko waya ta yi ƙara, ko yaro ya shigo gareji, a nan ne kwanso ke wucewa babu albarushi. Irin wannan harsashi idan aka harba, ƙarfin firaima kaɗai zai iya tura ƙwaya ta maƙale cikin bututun bindiga, kuma harbi na gaba a kanta yana iya fasa bindigar a fuskar mai ita. Sannan firaima ɗari suna jere cikin bututu guda, shi ya sa kamfanoni ke lulluɓe bututun da garkuwar ƙarfe, kuma shi ya sa ba a taɓa matsa mariƙi da ƙarfi idan ya ƙi tafiya. Ƙarin gurbin da XL750 da na Hornady ke da shi yana ba da wurin sa na'urar da ke duba ko albarushi ya shiga. Wanda zai sayi mai faifai, kada ya yi rowar wannan.

| Zaɓi | Kuɗin shiga | Ƙarko | Sauƙin koyo | Sauri a raifil | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Harsashin kanti | Babu | Ba ya tasowa | Babu koyo | Nan take | Mafi ƙanƙanta |
| Mai gurbi ɗaya | Dala 100 zuwa 400 | Ƙwarai da gaske | Mafi sauƙi | A hankali | Kaɗan, ana ganin kowane mataki |
| Mai juya kai | Dala 150 zuwa 450 | Mai kyau | Da sauƙi | Matsakaici | Matsakaici |
| Mai faifai | Dala 600 zuwa sama da 1,000 | Mai kyau, amma sassa da yawa | Da wuya | Mafi sauri bayan gyaran kwanso | Mafi girma ga sabon hannu |

Kuɗin da ke teburin na inji ne kaɗai, ban da dayis da sauran kaya.

Haɗarin da babu injin da ke kare ka daga gare shi

Mafi muni shi ne rikita albarushi. Nau'o'insa sun haura ɗari, wasu sunayensu kusan ɗaya, kuma na ƙaramar bindiga yana ƙonewa da sauri ƙwarai, in ya cika kwanson raifil bindigar ba za ta ɗauka ba. Ƙa'idar masu aikin ita ce gwangwani ɗaya tak a kan tebur, kuma babu ma'aunin da ake bi sai wanda kamfanin albarushi ko na ƙwaya ya buga, ana farawa daga mafi ƙarancinsa. Abin da wani ya rubuta a intanet cewa ya yi masa aiki a bindigarsa ba hujja ba ce. Wanda ya san albarushin bindigar toka ta mafarautanmu na gida kada ya kwatanta su: wannan na zamani marar hayaƙi wani abu ne daban, ƙarfin matsinsa ya ninka wancan, kuma yana tarwatsa bindigar da aka ƙera don baƙin albarushi.

Sai dalma. Yawancin firaima suna da sinadarin dalma, kuma ƙurar da ke tashi daga na'urar wanke kwanso tana ɗauke da ita. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Ba a ci ko sha a teburin aiki, ana wanke hannu da sabulu, kuma yara da mai juna biyu ba sa shiga wurin. Game da ajiya, ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta iyakance albarushin gida ga laba 20 cikin gwangwanayensa na asali, ko har 50 idan akwai akwatin katako mai kaurin inci ɗaya, firaima kuma 10,000. Wasu garuruwa sun fi haka tsanani, kuma yarjejeniyar gidan haya tana iya hanawa gaba ɗaya.

Wa ya dace da wanne

Idan farautar barewa ce sau ɗaya ko biyu a shekara da .308, .270 ko .30-06, ka zauna kan harsashin kanti. Ka gwada kala uku, ka ga wanda bindigarka ta fi so, ka sayi kwalaye kaɗan masu lambar zubi ɗaya ka ajiye. Haka ma wanda ke gidan haya da ƙananan yara ba shi da ɗakin da zai kulle.

Idan harbin nesa kake yi da 6.5 Creedmoor ko .308, kana son ƙwayoyinka su taru wuri guda, ko bindigarka na cin harsashi mai tsada ko wanda ya yi wuyar samu, mai gurbi ɗaya ne naka. In aljihu bai yi nauyi ba, akwatin farawa na Lee ya isa koyo, sai ka ƙara kuɗi a sikeli mai kyau. In kana da hali, Rock Chucker ko Co-Ax. Mafaraucin Kalifoniya, inda tun 2019 aka hana farauta da ƙwayar dalma, shi ma nan ya fi masa, domin harsashin ƙwayar jan ƙarfe yana da tsada a kanti.

Idan kana da raifil biyu ko uku da ƙaramar bindiga, kuma sauya dayis ya fara gundurarka, mai juya kai zai huce maka haushi: T-7 ga mai neman daidaito, Classic Turret ga mai neman ɗan sauri da araha.

Mai faifai na wanda ke gasar da ke cin .223 dubbai a shekara ne, wanda kuma ya riga ya goge a inji mai gurbi ɗaya. A cikinsu, RL550C ya fi dacewa da mai sauya nau'in harsashi akai-akai, domin faifansa ba ya motsi sai ka juya shi, kana iya sa kwanso ɗaya kacal ka bi shi har ƙarshe yayin da kake koyo. XL750 da na Hornady sun fi dacewa da mai nau'i ɗaya mai yawan gaske. Ko ka sayi ɗayansu, kada ka sayar da tsohon mai gurbi ɗaya, domin a kansa za ka ci gaba da matse kwanso da gwada sabon ma'auni.